KAFIN SAYEN LAYI, A GWADA SABIS ƊIN UNGUWA

Abin takaici ne matashi ya ji tallar garaɓasar data a rediyo ya ruga ya sayi layi, alhali ko maƙwabcinsa bai tambaya ba yadda sabis ɗin kamfanin yake a unguwar. Sai wata ya ƙare, datar ta ƙone, karatun da aka saye ta dominsa ko buɗewa bai yi ba.

Shi sabis daga ƙarfen da kamfani ya kafa yake zuwa. Iya nisan gida da ƙarfen nan, iya rauninsa. Ko yana kusa ma, jama'a raba shi suke yi, shi ya sa ranar kasuwa waya ke nuna 4G amma saƙo ya ƙi tafiya. In man janaretan wurin ya ƙare kuwa, shi ke nan.

Don haka ɗan uwa ya ari wayar aboki ya gwada a cikin ɗakinsa, safe da dare, domin tunda hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a 2025, kuskure ya yi tsada. Wanda ya riga ya afka kuwa, ai tun 2013 ana iya komawa wani kamfanin ba tare da an sauya lamba ba.