Ɗaurin Mata a Amurka da Alhakin 'Ya'yansu

Ku sani a shekarar 1980 matan da ke kurkuku a Amurka dubu 26 ne da 'yan kai. A shekarar 2022 kuwa sun haura dubu 180. Mene ne sababi?

Na farko, dokar miyagun ƙwayoyi ta 1986 ta ƙayyade wa'adin ɗauri, ta ɗaure hannun alƙali ga barin sassauci, ko da matar 'yar aike ce kurum. Na biyu talauci, gama da yawa suna tsare ba a yanke musu hukunci ba, kuɗin beli suka rasa.

Fiye da rabin ɗaurarrun nan suna da 'ya'ya ƙanana. Idan aka ɗaure uba, galibi yaro yana hannun uwarsa. Idan aka ɗaure uwa, sau da yawa sai kaka, wani lokaci kuma riƙon hukuma. Dokar 1997 kuwa ta ce yaron da ya yi wata 15 cikin 22 a riƙon hukuma, a nemi kotu ta yanke haƙƙin iyayensa a kansa. Ashe ɗaurin shekara biyu yana iya zama rabuwa ta har abada.

Malaman fiƙihu sun jinkirta haddi ga mai ciki har ta haihu a sami mai shayarwa, domin kada jariri ya biya bashin da bai ci ba. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ma, cikin ƙa'idojin Bankok, ta nemi a fifita horon da ba ɗauri ba ga mai ciki da mai reno. Wajibi ne mai hukunci ya dubi goyon da ke bayan mai laifi.

Allah ya ba shugabanni adalci.