Gyara Kayanka: Muhawarar Mafarautan Dilan Amurka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dila tun kafin ya gan shi da ido. A tatsuniya muka fara haɗuwa da shi, malamin daji, mai wayon da ke kuɓutar da shi daga bakin kura da zaki. A nahiyar Amurka ta Arewa akwai ɗan'uwansa da ake kira koyoti, sunan da ya samo asali daga harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko. Ya ɗan fi dilanmu girma, bai kai kyarkeci ba, kuma a tatsuniyoyin 'yan asalin nahiyar shi ma matsayin mai wayo da zamba aka ba shi. A wannan mako ina so mai karatu ya raka ni wurin masu farautar wannan dabba, domin akwai wata muhawara da ta daɗe tana ci a tsakaninsu, kuma yadda suke gudanar da ita ya fi dabbar kanta ɗaukar hankalina.

Asalin mazaunin koyoti shi ne filayen ciyawa da busassun yankuna na tsakiya da yammacin nahiyar. Da Turawa suka mamaye yankin da garkunan shanu da tumaki, sai suka ɗaura yaƙi da duk wata dabba mai cin nama. A shekarar 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon kawar da dabbobin da ke ɓarna ga makiyaya, aka shiga amfani da tarko da guba da harbi, har daga cikin jirgin sama. Sai a 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana baza guba a filayen gwamnatin tarayya. Har yau wani sashe na ma'aikatar aikin gona ta ƙasar yana kashe koyoti fiye da 50,000 a kowace shekara, jihar Yuta kuma a 2012 ta ware ladan dala 50 ga duk wanda ya kashe guda ɗaya. Duk da haka dabbar sai ƙara yaɗuwa take yi. A yau ana samunta a kowace jiha ta Amurka in ban da Hawai, daga Alaska har ƙasar Panama, tana kwana a cikin manyan birane irin su Shikago da Los Anjeles. Kawar da kyarkeci, babban abokin gabarta, ya buɗe mata hanya, sare dazuzzuka ya faɗaɗa mata fili, kuma masana sun lura cewa idan aka rage yawanta a wuri, waɗanda suka saura sukan samu wadatar abinci su haifi 'ya'ya da yawa, baƙi kuma su shigo daga maƙwabta su cike gurbi.

Abin da ya sa farautar koyoti ta zama filin gardama shi ne doka ta sakar mata mara. Mai farautar barewa a Amurka yana da lokaci ƙayyadadde, da adadin da ba zai wuce ba, kuma a jihohi da dama laifi ne ya bar naman ya lalace a daji. Koyoti kuwa, a jihohi masu yawa ana iya harbinsa a kowane wata na shekara ba tare da iyaka ba. Ba a cin namansa, fatarsa ma sai a lokacin hunturu take da daraja. Saboda haka kusan komai ya koma ga lamirin mai riƙe da bindiga, kuma a inda doka ta yi shiru a nan ake gane tarbiyyar mutum.

Batutuwan da suke saɓani a kansu sanannu ne. Na farko shi ne gasar kisa, inda ake taruwa a ƙarshen mako a ba da kyauta ga ayarin da ya fi kashe dabbobi da yawa ko ya kawo mafi nauyi. Na biyu shi ne farauta a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da uwa ke shayar da 'ya'ya biyar ko shida a rami, wanda kashe ta na nufin barin su ga yunwa. Na uku shi ne kayan zamani, wato na'urar da ke kwaikwayon kukan zomo mai rauni don janyo dabbar, da madubin bindiga mai gano ɗumin jiki cikin duhun dare. Na huɗu shi ne abin da ake yi da gawa bayan an kashe: wasu su feɗe fatar su yi amfani da ita, wasu su jibge gawarwaki a bayan mota su ɗauki hoto suna dariya, sannan su zubar a bakin hanya.

Adalci ya wajabta a saurari kowane ɓangare. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar da 'yan tumakinsa a yayyage ba ya bukatar lacca daga mazaunin birni, asararsa ta gaske ce kuma abincin iyalinsa ne. Masu kare gasa suna cewa doka ta halatta ta, tana haɗa zumunci a ƙauyuka, tana kawo ciniki a lokacin sanyi, kuma tunda koyoti ba ya cikin haɗarin ƙarewa babu wanda aka cuta. Masu suka daga cikin mafarautan kuma suna amsawa da cewa binciken da aka yi a wuraren kiwon tumaki a Kalifoniya ya nuna yawancin ɓarna daga ma'aurata masu riƙe da yanki take fitowa, musamman idan suna ciyar da 'ya'ya. Idan haka ne, kawar da takamaiman dabbar da ke ɓarna a daidai wurin da take yi ya fi amfani ga makiyayi fiye da kashe ɗari a wani daji mai nisa. Suna ƙarawa da cewa rai ba maki ba ne da za a ƙirga don cin kofi.

Masu wannan suka ba baƙin tunani suka ɗauko ba, gadon mafarautan ƙasar ne. A 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya kafa ƙungiyar Boone and Crockett tare da abokansa, kuma ita ta yaɗa aƙidar farautar adalci, wato a bar wa dabba damar tsira ta gaskiya, kada a yi mata rinjayen da bai dace ba. Aldo Leopold, masanin gandun daji kuma mafarauci, ya ba da labari a littafinsa da ya fito a 1949 yadda ya harbe wata kyarkeciya a ƙuruciyarsa yana zaton raguwar kyarketai alheri ne ga mafarauta, sai daga baya ya ga yadda barewa suka yi yawa suka cinye tsirran duwatsu har yunwa ta kama su. Mutumin da ya yi kuskure da hannunsa ya fito ya faɗa, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi a kunnen 'yan'uwansa.

To a nan ne matsalar take. Sau da yawa idan mafarauci ya ce gasa ba ta dace ba, ba a amsa masa da hujja, sai a ce ya zama ɗan koren masu ƙin farauta, ko a ce duk wanda ya soki abin da doka ta halatta yana ba maƙiya makami. Shi ma mai sukar wani lokaci yakan zarce, ya kira abokan sana'arsa marasa imani masu kishin jini. Da zarar an kai nan, magana ta mutu. Kowa ya koma cikin ayarinsa, masu matsakaicin ra'ayi, waɗanda su ne mafi yawa, su ja bakinsu su yi shiru don gudun zagi. Alhali kuwa Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sakamakon wannan shiru a bayyane yake. Mafarauta ba su kai kashi 10 cikin 100 na al'ummar Amurka ba, don haka sana'arsu tana rayuwa ne da yardar mutanen da ba su taɓa riƙe bindigar farauta ba. Suna da abin tinƙaho, domin tun 1937 harajin da ake ɗorawa kan bindigogi da harsasai ke ɗaukar nauyin babban kaso na aikin kare namun daji a jihohi. Amma hoto ɗaya na tulin gawarwaki yakan shafe wannan tarihi a idon jama'a. Kalifoniya ta hana ba da kyauta a irin wannan gasa a 2014, Bamont ta haramta gasar koyoti a 2018, Niyu Meziko da Arizona da Masacusets suka bi a 2019, Kolorado da Washinton a 2020, Niyu Yok kuma ta sa hannu a tata dokar a 2023. A Arizona hukumar kula da farauta ce da kanta ta ɗauki matakin, bisa fargabar cewa fushin jama'a kan gasa zai iya shafar farauta baki ɗaya. A farkon 2024 wani mutum a jihar Wayomin ya banke kyarkeci da babur mai tafiya kan ƙanƙara, ya kai shi mashaya da ransa yana nunawa kafin ya kashe shi, tarar farko da aka ci shi kuma dala 250 ce kacal. Duniya ta yi ca a kan jihar, kuma mafarauta masu mutunci suka tsinci kansu suna wanke sunan da ba su suka ɓata ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A ganina muhawara mai mutunci a irin wannan fage tana bukatar a rarrabe tambayoyi uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai tambayar ilimi: shin wannan hanya tana rage ɓarna ga makiyayi? Wannan bincike ne zai amsa ta, kuma wajibi ne kowa ya shirya karɓar amsar ko da ba ta yi masa daɗi ba. Akwai tambayar doka: shin an halatta? Amsarta tana rubuce. Sannan akwai tambayar ɗa'a: shin ya dace da mutumin kirki? Wanda aka yi wa tambaya ta uku ya amsa da ta biyu ya kauce ne kawai. Haka kuma mai suka ya kamata ya iya bayyana hujjar abokin gardamarsa yadda shi abokin zai ji ya ce lallai haka nake nufi, kafin ya fara rusa ta. Ya soki aiki ya bar mutum, ya kuma tuna cewa wanda ya girma yana ganin mahaifinsa na kare garke da bindiga ba zai sauya ra'ayi don an kunyata shi a bainar jama'a ba.

Mu ma muna da mafarauta, da sarakunan baka, da tsofaffin ƙa'idoji kan rabon nama da girmama wanda ya fara jifa. Muna kuma da namu batutuwan da ake jin nauyin tayarwa: cinna wa daji wuta da rani don a kori ɓeraye da zomaye, kashe dabba mai ciki, da faɗace-faɗacen da kan ɓarke a farautar gayya. Dattijon mafarauci ya fi kowane jami'in gandun daji sanin illar waɗannan, kuma maganarsa ta fi shiga. Idan ya yi shiru don kada a ce ya tona asirin 'yan'uwa, wata rana hukuma za ta zo da doka mai faɗi wadda ba ta bambance mai kirki da maɓarnaci. Abin da ya faru da masu gasar koyoti ke nan: gyaran da suka ƙi saurara daga bakin abokan farautarsu, shi ne majalisu da hukumomi suka ɗora musu daga waje, ba tare da neman yardarsu ba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.