Kundin da bai kamata ya kwana a kwamfutar mutum ɗaya ba

A da, kamfanin da ke buƙatar saba sai ya sayo injin, ya nemi ɗaki mai sanyi ya girke shi. Yau injiniya zai rubuta 'yan layuka, ya ba da umarni, Amazon ko Google ko Microsoft su ba shi hayar saba da rumbun bayanai cikin mintoci. Manhajar da ta yi fice a wannan aiki ita ce Terraform, wadda kamfanin HashiCorp na Amurka ya fitar a 2014.

Terraform ba ta riƙe komai da ka. Duk abin da ta gina tana rubuta shi a fayil mai suna terraform.tfstate, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta kayan shagonsa a littafi. In ba a sauya tsari ba, fayil ɗin yana zaune ne a kwamfutar wanda ya yi aikin.

A nan gizo ke saƙar. Ranar da aka sace kwamfutar, ko ta mutu, sabobin za su ci gaba da aiki, kuɗin haya na hawa, amma Terraform ta manta da su. Da an sake kunna ta sai ta nemi gina sababbi. In kuma injiniyoyi biyu ne, kowa da nasa kwafin, ɗaya zai iya rushe abin da ɗan'uwansa ya gina da safe. Ga shi kalmomin sirrin rumbun bayanai sukan fito ƙarara a cikin fayil ɗin, don haka jefa shi a GitHub tallar asiri ne.

Gyaran bai kai aikin yini guda ba. Ana buɗe ma'aji a S3 na Amazon, ko makamancinsa a Azure ko Google Cloud, a kunna adana tsofaffin kwafi, a ɓoye abin da ke ciki, a taƙaita masu shiga. Sai a rubuta adireshin ma'ajin a cikin tsari, a buga terraform init, manhajar ta tambaya ko a kwashe tsohon kundin, wato fayil ɗin, zuwa can. Saura kulle, wanda ke hana mutum biyu rubutu lokaci guda. Shekara da shekaru ana haɗa S3 da rumbun bayanai na DynamoDB don wannan, amma daga fitowar Terraform 1.10 a ƙarshen 2024, S3 kaɗai ya wadatar. OpenTofu, wadda ta ɓalle daga Terraform bayan HashiCorp ya sauya lasisi a 2023, ta ƙara da iya rufe kundin da mabuɗin sirri tun 2024.

Sakaci ne a bar wannan mataki sai "an samu lokaci". Masu koyar da matasa aikin girgije, wato hayar saba, ya kamata su sa shi a darasin farko, kafin ɗalibi ya gina saba ko guda. Shugaban kamfani kuwa, ko bai iya rubuta layi ɗaya ba, haƙƙinsa ne ya tambayi injiniyoyinsa inda kundin yake, wa ke da izinin buɗe shi, da kuma yaushe aka gwada dawo da tsohon kwafi.