Tsofaffin Na'urori: Yaushe Za A Gyara, Yaushe Za A Kwance?

A yawancin makarantun sakandare na karkara akwai ɗakin da ake kira sito, inda ake jibge kayan da suka daina aiki: madubin ganin ƙananan halittu wanda gilashinsa ya dushe, tsohuwar talabijin mai doro, kwamfutar da ta ƙi tashi, batiran sola da suka mutu, da kan famfon tuƙa-tuƙa. Kayan kan yi shekara da shekaru ƙura na binne su, sai ranar da mai jari bola ya iso da buhu da sikeli, a sayar masa da su gaba ɗaya a kan kilo. Jibgewar da sayarwar duk ɓarna ce, domin babu wanda ya tsaya ya tantance abin da ke da sauran rai da abin da ya gama yayi. A garuruwa irin su Babban Duhu ta Ƙaramar Hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari da ke gefen Dajin Rugu, asarar ta fi tsanani. Mai gyara yana can Dutsin-Ma ko Katsina, hanya ta yi shekaru tana fama da rashin tsaro, abin da aka rasa kuwa ba lalle ne a sake samun madadinsa ba.

Darasi Daga Akwatunan Wasa

Wannan tambaya ta daɗe tana damun wasu mutane a Amurka da Japan, wato masu adana akwatunan wasan bidiyo na dā, waɗanda ake jefa wa kuɗi kafin a yi wasa. Kamfanin Atari ya fito da wasan Pong a 1972, Taito ya fito da Space Invaders a 1978, Namco kuma ya kawo Pac-Man a 1980. Kowane akwati ya ƙunshi gangar jiki ta katako mai zane, da kwalbar talabijin, da allon lantarki wanda wasan ke cikinsa. Da yayinsu ya wuce, an farfasa dubbai, wasu kuma aka cire musu allon asali aka sa na sabon wasa. A yau waɗanda suka tsira ana ajiye su a gidajen tarihi irin su The Strong da ke birnin Rochester a Jihar New York, tun 1997 kuma ake ta aikin manhajar MAME don adana wasannin a kwamfuta.

Gogewa ta koya wa masu wannan aiki cewa sau da yawa abin da ke kashe akwatin ƙaramin abu ne: kafasita wadda ruwan cikinta ya bushe, ko ƙaramin batir da ya tsiyaye ya ci allon. Idan katako yana da ƙwari, allon kuma na asali ne, sai a gyara. Idan ruwa ya jiƙa katakon har ya kumbura ya ruɓe, sai a kwance a hankali, a ajiye kwalbar da allon domin raya wani akwatin, tun da masana'antu sun daina ƙera irin wannan kwalba. Wannan hikima ta dace da siton makaranta, kuma ana iya taƙaita ta a cikin tambayoyi huɗu.

Tambaya Ta Farko: Ina Ciwon Yake?

Kowace na'ura tana da sassan da aka ƙera domin su cinye a sauya su, da sassan da su ne zuciyarta. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya a shekarun 1970 da taimakon UNICEF, misali ne mai kyau. Robar da ke tallafo ruwa a cikin silinda, da sarƙa, da boris na hannun famfon, duk abubuwa ne da ke cinyewa, kuɗinsu kuma bai kai ko kusa da na haƙa sabuwar rijiya ba. Sayar da kan famfo ga mai jari bola saboda roba ta cinye daidai yake da yanka saniya saboda ƙaya ta soke ta.

Haka batun yake ga madubin ganin ƙananan halittu. Zuciyarsa ita ce gilasansa. Ƙura da maiƙo suna gogewa. Funfuna kuwa, wadda ke tsiro a kan gilashi lokacin damina idan an rufe madubin a wuri mai laima, tana gogewa idan an tare ta da wuri; idan ta daɗe, takan fitar da sinadaran da ke cin fuskar gilashin, tabon kuma ba ya fita. Ko a nan ma, madubai biyu marasa lafiya suna iya ba da guda ɗaya mai lafiya, domin yawancin gilasan ƙasa na maduban makaranta zarensu iri ɗaya ne. Daɗin daɗawa, tsohon madubi mai amfani da hasken rana ya fi sabo mai ƙwan lantarki amfani a garin da wuta ba ta zama. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya Ta Biyu: Akwai Irinsa Da Yawa?

Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan da ya fara ganin ƙwayoyin bakteriya a ƙarni na 17, ya ƙera madubai ɗaruruwa, amma kimanin goma kacal suka rage a duniya. Ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, da an rushe shi don ya tsufa, da yanzu babu gidan tarihin da ke cikinsa. Abin da ba shi da na biyu ana adana shi ko da ba zai sake aiki ba. Saboda haka sikelin awo na farko da makaranta ta mallaka, ko injin buga takardar jarrabawa mai juyawa da hannu, ya cancanci wuri a kan kanta, da takardar bayaninsa. Amma talabijin da ake da irinta dubbai a gidaje ba ta da wannan hujja.

Tambaya Ta Uku: Nawa Zai Ci Bayan An Gyara?

Ba kowane gyara ne riba ba. Tsohuwar talabijin mai doro tana shan wuta fiye da sabuwa mai faɗin fuska iri ɗaya, makarantar da ta dogara da sola kuma ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. Tsohon firji mai iskar R-12 yana cikin kayan da Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina ƙerawa, domin iskar tana cin garkuwar ozon da ke kare halittu daga zafafan haskokin rana. Ma'aunin zafi mai zaiba da ya tsage ba a liƙe shi. Batirin da farantansa suka lalace ba ya dawowa da ƙarin ruwa. Irin waɗannan, nacewa a kan gyaransu jefa kuɗi ne a rijiya.

Tambaya Ta Huɗu: Wace Guba Ke Ciki?

A nan ne ilimin halittu ya shigo, kuma wannan tambaya ita ce mafi nauyi. Kwalbar talabijin mai launi tana aiki da ƙarfin lantarki kimanin bolt 25,000, tana kuma iya riƙe caji bayan an zare ta daga wuta. Babu iska a cikinta, don haka idan aka buge ta takan tarwatse. Gilashin bayanta yana ɗauke da dalma, wadda a babbar kwalba takan haura kilo 1. Batirin mota da yawancin na sola kuwa, mafi yawan nauyinsu dalma ce, tare da ruwan asid mai ƙuna.

Jikin ɗan Adam yana ɗaukar dalma tamkar kalsiyam, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori shekaru masu yawa; idan mace ta sami ciki, dalmar kan fito daga ƙashinta ta isa ga ɗan tayi. Tana hana aikin sinadaran da ke haɗa jan launin jini, abin da ke jawo ƙarancin jini, tana kuma lalata ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yara ƙanana suna tsotse dalmar da suka haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da manya, kuma babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Mutanen wannan yanki sun ga shaida a maƙwabta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Tushen dalmar daban ne, amma hanyarta ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, hannun yaro, sannan baki. Wanda ya fasa batir da gatari, ko ya narka dalmarsa a murhu, ya buɗe wannan hanya a gidansa. Ƙona waya don fitar da jan ƙarfe shi ma yana sakin hayaƙi mai guba daga robar da ta lulluɓe ta.

Abin Da Za A Iya Cewa A Kan Wannan Ra'ayi

Wani zai ce jari bola sana'a ce da ke ciyar da matasa masu yawa, kuma ita ce ke mayar da ƙarfe masana'anta. Gaskiya ne. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Inda babu masana'antar sarrafawa, mai jari bola ne ke cike gurbi. Laifin yana ga tsarin da ake bi: ana sayar masa da na'ura kafin a duba ta, shi kuma yana farfasawa maimakon kwancewa. Ƙarfe da alminiyom da suka rage bayan tantancewa haƙƙinsa ne a saya masa. Kwalbar talabijin da batir kuwa a bar su a rufe yadda suke, batirin a mayar wa dillalan da ke karɓar tsoho a ba da sabo, kwalbar a ajiye ta inda yara ba sa shiga.

Kammalawa

Kowace makaranta tana iya farawa da littafi guda: sunan na'ura, shekarar da ta zo, abin da ya same ta, da hukuncin da aka yanke bisa tambayoyin nan huɗu. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya tana iya yin wannan rajista a zango ɗaya ƙarƙashin kulawar malami, ta goge madubai, ta koyi kwance abin da ba shi da haɗari da sukuddireba, ba da guduma ba. Kayan gwamnati kuma kada a sayar sai da izinin hukuma a rubuce. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su riƙa karɓar maduban makarantun karkara lokacin hutu, ƙwararrunsu su duba su a mayar. Ɗalibin Babban Duhu zai zauna jarrabawar ilimin halittu iri ɗaya da ɗalibin birni, kuma mai yiwuwa ne madubin da zai fara ganin ƙwayar halittar albasa da shi yana kwance a sito, ba abin da yake jira sai tsumma mai tsabta da mutumin da zai duba shi kafin mai sikeli ya iso.