Allurar rage ƙiba da hannun jari: Lissafin da ya kamata mai ƙaramin jari a Koki ya yi

A watan Yunin 2024, hannun jari ɗaya na kamfanin Novo Nordisk, mai yin alluran Ozempic da Wegovy, ya haura dala 140 a kasuwar hannun jari ta New York. Zuwa ƙarshen 2025 yana wajen dala 50. Ke nan wanda ya zuba naira 200,000 a lokacin da farashin ke ƙololuwa, abin da ya rage masa bai fi naira 70,000 ba.

Abin da ya sa labarin ya shafe mu shi ne, yanzu ba sai attajiri ba ne ke sayen hannun jarin kamfanonin waje. Da manhajoji irin su Bamboo da Trove, matashi mai sayar da yadi a Kantin Kwari ko mai gyaran waya a Farm Centre zai iya sayen gutsuren hannun jari da 'yan dubban nairori, yana zaune a majalisa a ƙofar gida. A unguwa irin Koki, inda yaro ke tasowa yana jin maganar uwar kuɗi da riba tun kafin ya iya karatun boko, batun ya raba masu ƙaramin jari gida biyu.

Kashi na farko na cewa kaya ya yi araha, yanzu ne lokacin saye, tunda masu ƙiba a duniya ba raguwa suke yi ba. Kashi na biyu na cewa wanda ya ga gini na zubewa ba ya shiga ciki don an rage kuɗin haya. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai a ganina dukkansu sun tsallake tambayar da ɗan kasuwar Kurmi ke fara yi kafin ya sari kaya: wa zai saya, a nawa, kuma wa ke da irinsa a rumfar gaba?

Maganin yana aiki

Babu musu a kan ingancin allurar. Sinadarin da ke cikinta, mai suna semaglutide, yana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya kuma taimaka wajen daidaita sukarin jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Ozempic a Disambar 2017 domin masu ciwon suga, sannan ta amince da Wegovy a Yunin 2021 domin rage ƙiba. Sau ɗaya ake yin allurar a mako.

A babban gwajin da aka yi wa Wegovy, waɗanda suka yi makonni 68 suna allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Mai kilo 100 ya koma kusan 85. Da aka bibiye su shekara guda bayan sun daina, an tarar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage. Wannan mummunan labari ne ga majinyaci, amma shi ne ya ja hankalin masu zuba jari, domin yana nufin mai saye zai daɗe yana saye.

Haka aka yi ta rububin hannun jarin har a Satumbar 2023 Novo Nordisk ya zarce kamfanin kayan ƙawa na LVMH na Faransa, ya zama kamfani mafi daraja a nahiyar Turai.

To me ya kayar da shi?

Abu na farko, kishiya. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fito da nasa maganin, Mounjaro da Zepbound. A gwajin da aka haɗa su kai da kai na makonni 72, maganin Lilly ya rage kusan kashi 20 cikin 100 na nauyi, na Novo kuma ƙasa da kashi 14. Likitoci da majinyata suka fara karkata. A Nuwambar 2025 darajar Eli Lilly ta kai dala tiriliyan ɗaya, karo na farko da wani kamfanin magani ya kai haka.

Na biyu, dogon buri. A ranar 20 ga Disambar 2024 Novo ya fitar da sakamakon sabon maganinsa, CagriSema. Ya rage kashi 22.7 cikin 100 na nauyi, wanda babban sakamako ne a likitance. Amma kasuwa ta sa rai da kashi 25, don haka hannun jarin ya faɗi da kusan kashi 20 a yini ɗaya. Darasin a nan shi ne, farashin hannun jari yana ɗauke da kuɗin abin da ake tsammani tun kafin ya faru. Idan ka saya bayan labari ya karaɗe duniya, ka riga ka biya kuɗin labarin.

Na uku, matsin farashi. A Yulin 2025 kamfanin ya rage hasashen bunƙasar cinikinsa na shekarar, daga tsakanin kashi 13 zuwa 21 ya koma tsakanin 8 zuwa 14, hannun jarin ya sake zubewa da fiye da kashi 20 a rana guda. An sauya shugaban kamfanin, Mike Doustdar ya maye gurbin Lars Fruergaard Jørgensen, kuma a Satumba aka sanar da sallamar ma'aikata 9,000. A Nuwamba gwamnatin Donald Trump ta cimma yarjejeniya da Novo da Lilly ta rage farashin magungunan a Amurka.

A lura cewa duk wannan lokacin cinikin Novo ƙaruwa yake yi. Mutane na ta sayen allurar, masu hannun jari na ta asara.

Labarin kamfanin Hims & Hers ya fi wannan tsinka zuciya. Shi yana sayar da magani ta intanet a Amurka, kuma ya yi amfani da damar da doka ta bayar ta harhaɗa kwatankwacin allurar a lokacin da ta yi ƙaranci. Da hukuma ta ce ƙarancin ya ƙare a Fabrairun 2025, hannun jarinsa ya faɗi da kusan kwata. A Afrilu ya ƙulla ƙawance da Novo, farashi ya yi sama. A ranar 23 ga Yuni Novo ya warware ƙawancen, hannun jarin ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku kafin a tashi kasuwa. Kamfanin da ribarsa ta rataya a kan kayan wani da kuma sa hannun hukuma, kamar mai shago ne a filin aro.

Dalar ma ba ta rufa asiri ba

Da yawa daga cikin matasanmu sun shiga sayen hannun jarin waje ne domin gudun faɗuwar naira. Suna da dalili. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce naira 1,500. Wanda ya riƙe kowane irin abu da dala a wannan tsakanin ya ga kuɗinsa ya ninka ko da bai iya zaɓe ba.

Amma daga tsakiyar 2024 zuwa ƙarshen 2025 dala ba ta ƙara tashi irin haka ba, ta ma ɗan sauka. Saboda haka wanda ya sayi Novo a ƙololuwa ya ɗauki asararsa cif, babu tashin dala da zai rage masa raɗaɗi. Ga kuma kuɗin canji da ladan manhaja a shiga da fita.

Akwai kuma haɗarin da ba na kasuwa ba. A Agustan 2021 kotu ta rufe asusun wasu daga cikin waɗannan manhajoji bisa buƙatar Babban Bankin Najeriya, kafin daga baya a buɗe. Don haka kafin ka tura ko kwabo, duba ko manhajar na da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasa, wato SEC. Waɗanda CBEX ya tafi da kuɗinsu a Afrilun 2025, da waɗanda MMM ya yi wa haka a 2016, sun san tsadar tsallake wannan matakin.

Wa zai sayi allurar a Kano?

Wani ra'ayi da ake yawan ji shi ne, ai kasuwar Afirka ba a ma taɓa ta ba, ranar da allurar ta shigo sosai kamfanonin za su kwashi kuɗi. A nan ma lissafi ya kamata a yi. A 2025 farashin Wegovy na asali a Amurka ya haura dala 1,300 a wata. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne, wato wajen dala 50. Ko da an zaftare farashin ya koma kashi ɗaya cikin goma, ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci.

Sannan al'adarmu ta sha bamban da ta Turawa. A nan har yanzu ana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da kwanciyar hankali, musamman ga amarya da mai jego. Likitoci sun daɗe suna kokawa a kan ƙwayoyin "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha domin su yi jiki. A ɗaya gefen kuma ga masu tallan shayin rage tumbi a TikTok da Instagram, wanda galibinsa ba a san abin da aka zuba a ciki ba.

Inda buƙatar gaske take shi ne ciwon suga da hawan jini. Duk wanda ya leƙa layin masu waɗannan cututtuka a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya san ba ƙaramin al'amari ba ne. A Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan rukunin magunguna a jerin muhimman magungunanta domin wasu masu ciwon suga. Kuma a 2026 ne kariyar mallakar fasahar semaglutide ke ƙarewa a ƙasashe irin su Indiya da Chaina da Brazil da Kanada. Kamfanonin Indiya, waɗanda su ne ke cika kantunan maganinmu, sun shirya fitar da nasu mai rahusa.

Ma'ana, ranar da allurar za ta zo daidai aljihun Bakano, mai yiwuwa ba Novo ne zai ci ribar ba. Abin da zai yi wa majinyaci daɗi shi ne zai rage wa mai hannun jari riba.

Kafin wannan rana, a yi hattara da jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka. A Ostiriya, a 2023, an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi amfani da jabun da ake zargin insulin aka zuba a ciki. Allurar gaske tana buƙatar firji kafin a fara amfani da ita, abin da ke da wuya a garin da wuta ke zuwa da ƙa'ida. Tana kuma iya jawo tashin zuciya da amai da gudawa, ba a yi wa mai juna biyu, kuma ba a fara ta sai da umarnin likita.

Kamfanonin gida fa?

Mai son zuba jari a harkar lafiya yana da zaɓi a kasuwar hannun jari ta Legas: Fidson, May & Baker, Neimeth, da MeCure da ya shiga kasuwar a Nuwambar 2023. Waɗannan ba allurar rage ƙiba ce abincinsu ba. Maganin zazzaɓi, na kashe ƙwayoyin cuta, na hawan jini da ruwan ƙari suke yi.

Abubuwa biyu sun buɗe musu hanya. A Agustan 2023 kamfanin GSK na Birtaniya ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, magungunan waje suka yi tsadar da ta tura jama'a zuwa na gida. A Yunin 2024 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji a kan kayan haɗa magani da ake shigowa da su. A nan Kano, rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Gari a Fabrairun 2024 da tilasta komawa kasuwar Dangwauro ya sauya yadda ake sarin magani a Arewa.

Amma su ma suna da nasu raunin. Mafi yawan sinadaran da suke aiki da su daga Indiya da Chaina ake sayowa da dala, ga kuɗin gas na janareta, ga bashin banki mai tsadar ruwa. Fa'idarsu ɗaya ga mai ƙaramin jari ita ce yana iya bincikarsu da ƙafarsa. Ɗan Koki zai iya zuwa Dangwauro ya tambayi dillalai maganin wane kamfani ne ke tafiya, wane ne ke kwana a kanta. Ba zai iya yin haka da kamfanin da ke Denmak ba.

Ga mai kula da halaccin abin da yake saye, sana'ar magani halal ce a kanta, sai dai ana duba yawan bashin ruwan da ke kan kamfani. Ma'aunin da malaman hada-hadar kuɗi ta Musulunci suka fi amfani da shi shi ne kada bashin ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin. Kasuwar Legas na da jerin kamfanonin da aka tantance a wannan fuskar, wato jerin Lotus.

Abin da Koki ta riga ta sani

Koki unguwar Alhassan Dantata ce, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja kafin ya koma sayen gyaɗa, kuma a nan jikan ɗansa Aliko Dangote ya taso. Abin da aka sani game da fataken wancan zamani shi ne sun san kayansu, sun san hanya, sun san mai saye kafin su ɗaura kaya a kan jaki.

Ƙarni na baya ma ya ɗanɗana akasin haka. A 2008, lokacin da kasuwar hannun jarin Najeriya ta ruguje, ma'aunin kasuwar ya sauko daga sama da 66,000 a watan Maris zuwa wajen 20,000 a shekarar da ta biyo baya. 'Yan kasuwa da ma'aikata da dama a Kano sun sayi hannun jarin bankuna ne saboda kowa na saye, wasu ma da bashi.

Novo Nordisk na iya farfaɗowa. A Disambar 2025 Amurka ta amince da ƙwayar Wegovy ta haɗiya, wadda za ta iya jawo masu tsoron allura. Yana kuma iya ci gaba da zama a ƙasa shekaru. Wanda ya ce ya san wanne ne zai faru, hasashe yake yi.

Don haka mai niyyar saye ya karanta rahoton ribar kamfanin na watanni uku-uku, ya san yaushe kariyar fasaharsa ke ƙarewa, ya san masu gogayya da shi, sannan ya raba ƙafa tsakanin kamfanoni da sana'o'i daban-daban. Kuɗin hayar shago, kuɗin makarantar yara da zubin adashi kuwa, kada su kusanci manhajar. Abin da za a saka shi ne wanda idan kashi biyu cikin uku nasa ya tafi, kamar yadda ya faru da masu Novo, tukunyar gida ba za ta sauka daga kan murhu ba.