Sharhi: Malamin tattalin arziki ma yana da nasa ɓangare, yaya ɗalibi zai gane shi?

Tun watan Oktoban 2024 da magabata suka hana fitar da hatsi, dawa, masara, wake da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, gardama ba ta lafa ba. Mai saye a gari yana fatan tiya ta sauko, manomin waken da ya saba sayar wa ƴan kasuwar Najeriya kuma yana lissafin asararsa.

Wannan gardama ba a tasha ko gindin bishiya kaɗai ake yin ta ba. Tana nan a azuzuwan da yaranmu ke karatun tattalin arziki, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Djibo Hamani a Tawa. Malamai biyu, kowa da digirinsa na dakta, za su iya ɗaukar wannan doka guda, ɗaya ya ce ta kare talaka, ɗaya ya ce ta kashe wa manomi gwiwa. Ba lalle ne wani ya yi ƙarya ba. Kowa da aƙidar da yake kallon kasuwa da gwamnati da ita, ɗalibi kuwa sau da yawa yana kwafe ta a littafinsa kamar lissafin biyu da biyu huɗu.

To, ta yaya ake gane ta, tunda ba malamin da zai shigo aji ya ce ni ɗan jari-hujja ne ko ɗan gurguzu?

Farko dai a saurari kalmominsa. Idan gwamnati ta sayar da cimaka da rahusa ta hanyar OPVN a lokacin da rumbuna suka ƙare, wani malami zai kira abin tallafi, wani ya kira shi katsalandan a kasuwa. Ɗan kasuwar da ya sayi hatsi da kaka ya ajiye sai damina, wani zai ce mai ɓoye abinci ne, wani ya ce yana yi wa ƙasa aikin ajiya, kuma shi ma yana iya faɗuwa. Suna ɗaya da malami ya zaɓa ya riga ya yanke hukunci tun kafin a fara lissafi.

Sai kuma yadda yake ba da tarihi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Wannan ba ra'ayi ba ne, abin da ya faru ke nan. Amma malamin da ya yarda da kasuwa zai tsaya kan yadda shanu da albasarmu suka yi araha ga masu saye daga waje, ciniki ya buɗe. Wani kuma zai fara da magani da sauran kayan da ake shigowa da su, waɗanda suka yi tsada dare ɗaya. Haka shirin tsuke bakin aljihu na FMI da Bankin Duniya a shekarun 1980. Wani zai fara labarin daga faɗuwar farashin uraniyom da bashin da ya yi wa ƙasa katutu. Wani kuma zai fara shi daga gadar Kennedy, inda aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairun 1990 suna zanga-zangar adawa da matakan. Duka biyun sun faru. Inda malami ya fara, da abin da ya tsallake, su ne ke nuna inda zuciyarsa take.

Jerin littattafan da ya ba ɗalibai ma shaida ne. Adam Smith, wanda littafinsa ya fito a 1776, da Milton Friedman na Amurka, su ne madogarar masu cewa a bar kasuwa ta yi aikinta. Keynes na Ingila ya koyar da cewa in kasuwa ta durƙushe dole gwamnati ta zuba kuɗi. Samir Amin, ɗan Masar da ya daɗe a Dakar, yana ganin tsarin cinikin duniya ne ke tatse Afirka. Joseph Tchundjang Pouemi na Kamaru tun 1980 ya rubuta littafi yana sukar sefa. Ɗalibin da ya gama shekara uku bai taɓa jin sunan ɓangare ɗaya daga cikin waɗannan ba, an rage masa mudu.

Akwai misalin da mutanen Maraɗi ba za su manta ba: yunwar 2005. Hatsi yana nan a kasuwa, amma farashi ya fi ƙarfin talaka, yara kuma suna ta kwanciya a cibiyoyin tamowa. An yi ta ja-in-ja ko a raba abinci kyauta ko a ci gaba da sayar da shi da rahusa don kada a ɓata kasuwa. Amartya Sen na Indiya ya riga ya bayyana a 1981 cewa ana iya yin yunwa alhali abinci yana ƙasa, in mutane ba su da abin sayensa. Malamin da ya koyar da 2005 a matsayin labarin fari da fara kawai ya bar rabin darasi. Wanda ya ɗora komai a kan ƴan kasuwa, ya manta da ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, shi ma haka.

A lura, abin ba gefe ɗaya yake ba. Jiya maganar FMI ce ke tashe, yau kuma maganar diyaucin ƙasa, bayan kafa AES da ficewa daga CEDEAO. Malamin da ke jingina kowace matsala ga Faransa yana da aƙida, kamar yadda mai jingina kowace matsala ga gwamnati yake da ita. Cewa yuro ɗaya sefa 655,957 ne, gaskiya ce da kowa zai iya dubawa. Cewa wannan ɗauri alheri ne saboda yana riƙe farashi, ko sharri ne saboda yana ɗaure wa ƙasa hannu, wannan hukunci ne da masana ke jayayya a kansa har yau.

Samun ra'ayi ba laifi ba ne, kowane gauta ja ne. Laifin shi ne malami ya sayar da ra'ayinsa da sunan ilimi tsantsa, ko ya kayar da ɗalibi a jarrabawa don ya kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Malamin ƙwarai ana gane shi ne in ya iya bayyana ra'ayin da bai yarda da shi ba, har masu ra'ayin su ce lalle haka muke nufi.

Ɗalibi ba sai ya yi fito-na-fito da malaminsa ba. Cikin ladabi zai iya tambaya: Malam, a wannan mataki wa ya ci riba, wa ya biya? Kuma waɗanda ba su yarda ba, mece ce hujjarsu? Iyaye a ƙauye da ƴan'uwa a waje da ke aiko da kuɗin karatu su ma za su iya yi wa yaro waɗannan tambayoyi in ya zo hutu. Domin waɗannan yara ne gobe za su zauna a ma'aikatar kuɗi, da bankuna, da ƙungiyoyin agaji, su ba da shawarar ko a buɗe iyaka ko a rufe, ko a raba hatsi ko a sayar. Wanda ya ji ɓangare ɗaya kaɗai a aji, ɓangare ɗaya zai gani ranar da farashin tiya ya zo hannunsa.