KWANGILAR GWAMNATI BA GADON UBAN KOWA BA CE

Ya kai ɗan'uwa mutumin Wudil, manomi ne kai, ko masunci, ko dillalin shanu a kasuwar Juma'a, tsaya ka ji. Duk kobon da gwamnati ta biya ɗan kwangila, daga guminka ya fito. To, ya aka yi ba ka taɓa sanin wa aka ba aikin, nawa aka ba shi, yaushe zai gama ba?

Wannan cuta tsohuwa ce. A 1975, zamanin Janar Gowon, gwamnati ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20. Jiragen ruwa ɗaruruwa suka cunkushe tashar Legas wata da watanni, ana biyan tarar jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. 'Yan kashi-goma suka yi ƙiba, talaka ya biya.

Ba sai ka je Legas ba. Hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa garin nan, tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye, aka shafe fiye da shekara 15 ana jan ƙafa. Titin kilomita biyar da aka yi wa ƙananan hukumomi 44 alkawari tsakanin 2011 da 2015, da yawansu sun yi shekaru a yashe. Ni na riƙe alli, na ga aji sabo fil da iskar damina ta farko ta yaye wa rufi. Wa ya sa hannu cewa an gama aiki?

Za su ce maka ai yanzu komai ya koma kwamfuta, sata ta ƙare. Haba! Kwamfuta ba ta da kunya, ba ta da tsoron Allah. Abin da aka zuba mata shi take amayarwa. Idan ɗan'uwan shugaba ya buɗe kamfani uku ya yi takara da kansa, na'ura ba za ta ce uffan ba.

Doka kuwa akwai ta. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce a yi shela, a yi takara a fili. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayarka. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Masu aiki da dokar ne babu.

Jam'iyyarmu ta ce: kowace kwangila a kafe ta a allon sakatariya da bakin aikin, da Hausa, da sunan kamfani da kuɗi da ranar gamawa. Kada a biya cikon kuɗi sai mutanen unguwa sun gani da idonsu. Wanda ya gudu ya bar aiki, ya dawo da kuɗi, a rufe masa ƙofa.

In sun zo da taliya da atamfa, ka tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar zaɓe ka fito da katinka, ka tsaya har a ƙirga ƙuri'arka.